Na Kai Babi na 18, Labarin Ya Ƙi Tafiya

Wata 'yar'uwa ta aiko da doguwar wasiƙa a kan littafin da take rubutawa. Ga abin da ta ce a taƙaice:

"Malam, shekara biyu ke nan ina rubuta ƙagaggen labarina na farko, na kai babi na 18, amma na tsaya cak. Labarin wata budurwa ne wadda mahaifinta ya rasu, daga baya ta tsinci wata takarda a cikin kayansa da ke nuna cewa gidan da suke ciki ba nasu ba ne, amana ce wani abokinsa ya bar masa, shi kuwa bai mayar wa magadan mutumin ba. Babi uku na farko yarintarta ne. Mahaifin ya rasu a babi na 4. Daga nan akwai rashin lafiyar mahaifiyarta, da haɗarin mota da ƙanenta ya yi, da wani saurayi da ya fito neman aurenta, da tafiyar da ta yi wurin gwaggonta, sai a babi na 11 ta ga takardar. Tun daga nan tana ta kuka da tunani. Na ba wata ƙawata ta karanta, ta ce rubutun yana da daɗi, amma ta ajiye shi a babi na 7 ba ta koma ba. Yanzu ina tunanin in sa gobara ta cinye gidan kowa ya huta, ko kuma magajin mai gidan ya bayyana ya ce ya yafe. Shin in yaga in sake daga farko, ko akwai wani tsari da marubuta ke bi wanda ban sani ba?"

'Yar'uwa, kada ki yaga ko shafi ɗaya, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ki kuma riƙe ƙawar nan taki da kyau. Yawancin waɗanda muke ba rubutunmu na farko kunya ce take sa su ce "ya yi daɗi" su yi shiru, ita kuwa ta gaya miki abu biyu masu amfani: alƙalaminki yana da zaƙi, kuma ga daidai wurin da zaƙin ya kasa riƙe ta. Kin zo mini da kukan babi na 18, amma a ganina ciwon ba a can yake ba. Kamar mai ciwon haƙori ne da yake jin zafin a kunne. Abin da ya hana ki rufe labarin shi ne dai abin da ya sa ƙawarki ta ajiye shi, kuma tun kafin babi na 7 ya fara.

Manazarta adabi sukan raba tsakanin labari da zubinsa. Labari shi ne abubuwan da suka faru bi da bi, zubi kuwa shi ne yadda aka ƙulla su har wannan ya haifi wancan. Marubucin Ingila E. M. Forster ya ba da misali a laccocinsa da aka buga a 1927, wanda har yau ban ga wanda ya fi shi sauƙin fahimta ba. Idan aka ce sarki ya mutu sannan sarauniya ta mutu, labari aka bayar. Idan aka ce sarki ya mutu, sarauniya kuma ta mutu saboda baƙin ciki, an yi zubi. Abin da ya ƙaru a jimla ta biyu dalili ne kawai. Mu masu rubutu da Hausa muna da wata 'yar ƙaramar kalma wadda ita ce abokiyar mai ba da labari, ita ce kuma tarkonsa, wato "sai". Tana da santsi a baki, tana haɗa kowane abu da kowane abu ba tare da ta tambayi dalili ba, har marubuci ya yi shafi ɗari yana tsammanin yana ƙulla labari alhali jera shi kawai yake yi.

Ki dubi abin da kika aiko mini idan aka sa shi a layi ɗaya. Mahaifinta ya rasu, sai mahaifiyarta ta kwanta ciwo, sai ƙanenta ya yi haɗari, sai saurayi ya fito, sai ta tafi wurin gwaggonta, sai ta tsinci takarda. Yanzu ki ɗauko haɗarin ki mayar da shi bayan tafiyar, ki kawo saurayin gaban rashin lafiyar. Me ya rushe? Babu abin da ya rushe, kuma wannan ita ce matsalar. Tubali ne masu kyau aka ɗora wani kan wani ba tare da an sa musu laka ba. Aristotal, masanin Girka, ya yi magana a kan wannan fiye da shekara 2,300 da suka wuce a littafinsa na nazarin waƙa da wasan kwaikwayo, inda ya ce mafi rauni a cikin zubi shi ne wanda aukuwa ke bin aukuwa ba don dole ba, ba kuma don hankali ya ɗauka cewa haka ya kamata ta biyo ba. A rayuwa ta gaskiya musibu sukan zo a jere babu alaƙa, kowa ya san haka, amma mai karatu ya shigo littafi ne da yaƙinin cewa ruwa ba ya tsami banza, kuma yana jiran ki nuna masa abin da ya tsamar da shi.

Akwai lahani na biyu da yake tafiya tare da na farko, wanda ma ya fi damuna. Duk abin da kika lissafa faɗo wa budurwar nan ya yi daga sama. An mutu mata, an yi mata ciwo, an yi mata haɗari, an zo neman aurenta. Ita me ta yi? Mai karatu zai tausaya mata, babu shakka, amma tausayi ba ya juya shafi na dogon lokaci. Abin da ke hana mutum barci da littafi a hannu tambaya ce da yake son jin amsarta, kuma tambayar takan taso ne idan tauraro yana son wani abu ƙwarai, wani abu kuma ya tare masa hanya. Littafinki yana da irin wannan tambaya, mai nauyi ma kuwa: shin yarinyar nan za ta mayar da amana alhali ta san mayarwar za ta bar mahaifiyarta da ƙanenta ba wurin kwana, ta kuma ɓata sunan uban da take ƙauna? Da yawa daga cikin masu rubutu suna neman irin wannan ƙulli ba su samu ba. Ke kin samu, sai kika ɓoye shi har babi na 11. Ƙawarki ta ajiye littafin a babi na 7 ne domin a lokacin babu abin da take jira.

Saboda haka shawarata ta farko ita ce takardar nan ta bayyana a babi na 2, in ya yi nisa ƙwarai a na 3. Na san abin da za ki ce, yaya za a yi da babi ukun yarinta? Ina kyautata zaton a cikinsu ne ma rubutunki ya fi kyau, domin da su kika fara lokacin da zumuɗi yake da zafi. Ba zubar da su za ki yi ba, yanka su za ki yi gunduwa-gunduwa ki ajiye kowace gunduwa inda za ta yi ciwo. Mu ɗauka akwai wurin da mahaifin ya sa ta koma makaranta da yamma ta mayar da alƙalamin da ta ɗauko bisa kuskure, yana tsaye a bakin ƙofa yana jiranta. A shafi na 5 wannan abin sha'awa ne kawai, mai karatu zai yi murmushi ya wuce. Amma ki kawo shi a daren da take zaune a gaban akwatin takardunsa, ta buɗe wata ambulan da ta yi ja don tsufa, ta gane rubutun hannunsa tun kafin ta karanta kalma ɗaya, ta kai ƙarshen takardar, sannan alƙalamin nan ya faɗo mata a rai. Jimlolin da kika riga kika rubuta ne, ba a ƙara musu komai ba, wurin zama kawai aka sauya musu, amma yanzu sun zama wuƙa.

Daga nan dole ta aikata wani abu da hannunta, kuma ya fi kyau ya zama abin da ba shi da kyau sosai. A ce ta ninke takardar ta ɓoye, ta ce wa ranta sai bayan mahaifiyarta ta samu sauƙi. Wannan zaɓi ɗaya zai iya ɗaure kusan duk abin da kika riga kika rubuta. Rashin lafiyar mahaifiyar ya tashi daga musibar da ta zo ta wuce, ya zama dalilin da take kafawa don yin shiru. Tafiya wurin gwaggo ta tashi daga ziyara, ta zama bincike, domin gwaggon ce kaɗai ta rage cikin waɗanda suka san abokin mahaifin. Haɗarin ƙanen, idan kina son ki riƙe shi, to ya faru a kan hanyar da ita ta aike shi a ɓoye ya gano mata inda magadan suke zaune, ta yadda laifin zai hau kanta, ta kuma rasa bakin faɗa wa kowa abin da ya kai shi wannan hanya. Idan ba za a iya ɗaure haɗarin da zaɓinta ba, ki cire shi, ko da kin sha wahalar rubuta shi.

Saurayin ya fi buƙatar taka-tsantsan. Zuciya za ta raya miki ki sa ya zama shi ne ɗan mai gidan ba tare da kowa ya sani ba. Ina roƙonki kada ki yi haka, sai fa idan ta haɗu da shi ne a dalilin neman magadan da ta fita yi, domin a lokacin haɗuwar ta zama 'yar aikinta, ba sa'a ba. Mai karatu yakan yafe wa marubuci katari guda a farkon littafi, musamman wanda ya jefa tauraro cikin wahala, amma ba ya yafe katarin da ya zo ya fitar da shi. Wata hanyar kuma ita ce saurayin ya kasance ba shi da alaƙa da gidan ko kaɗan, abin da kawai ya ja shi gare ta shi ne gaskiyarta, yana faɗa yana maimaitawa, kowane yabo kuma yana ƙona ta.

Tsakiyar littafi ita ce inda mafi yawan rubuce-rubucen farko suke nutsewa, kuma babi bakwai na kuka da tunani da kika ambata alamar nutsewar ce. Tunani ba laifi ba ne a ƙagaggen labari, hasali ma shi ne abin da littafi ya fi fim iyawa. Amma kowane babi sai ya bar al'amura ba yadda ya same su ba: ko wani ya san abin da bai sani ba, ko wani ya samu iko a kan wani, ko wata alaƙa ta tsinke, ko wata ƙofar da take buɗe ta rufe. Ramin ƙarya ƙurarre ne, don haka ɓoyon da ta yi ya riƙa tsada babi bayan babi, ƙarya ɗaya tana neman ta biyu. Sannan a wajen tsakiyar littafin ana son wani abu da zai juya tambayar kanta. Aristotal ya ambaci abubuwa biyu da suka fi girgiza mai kallo, juyewar al'amari zuwa akasin abin da ake zato, da kuma gane abin da yake ɓoye, ya kuma ce sun fi ƙarfi idan suka zo tare. Ki yi tunanin budurwar nan ta gaji da ɓoyo, ta durƙusa gaban mahaifiyarta da takardar a hannu tana rawar murya, uwar ta dube ta ta ce ta mayar da ita inda ta ɗauko. Ashe ta sani tun shekaru. Duk wahalar da yarinyar ta sha don kare uwarta daga labarin ta tashi a banza, tambayar kuma ta sauya daga "yaya zan faɗa mata" zuwa "zan iya saɓa mata". Misali nake bayarwa, ba umarni ba, ke kika san mutanen littafinki. Abin da nake so ki gani shi ne irin girman juyin da tsakiya take buƙata.

Game da tsarin da kika tambaya, e, akwai. Bajamushe Gustav Freytag ya fitar da nasa a 1863, inda ya kasa wasan kwaikwayo gida biyar: gabatarwa, hauhawar rikici, ƙololuwa, gangarowa, da warwarewa. Masu koyar da rubutun fim kuma sun fi son kashi uku, kusan rubu'i na farko don ƙulla rikici, rabi don dagula shi, rubu'in ƙarshe don warware shi. Ki lura dai dukkansu daga dandalin wasa da fim suka fito, inda mai kallo yake zaune na awa biyu ko uku, littafi kuwa ya fi su sararin numfashi. Ni ina ɗaukarsu a matsayin magwaji da ake ɗorawa a kan aiki bayan an yi shi, ba tukunyar da ake zuba labari a ciki tun farko ba. Ko da magwajin ma za ki ga abin da nake faɗa: in littafinki zai kai babi 24, ya kamata zuwa babi na 6 tauraruwarki ta riga ta taka matakin da ba ya komuwa, ke kuwa a babi na 11 ne ma ta san akwai matsala.

Mai yiwuwa ki ce ai akwai littattafan da suke tafiya daga wannan aukuwa zuwa waccan kuma ana son su. Gaskiya ne. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933, haka yake tafiya gari bayan gari, kuma za a iya musanya wasu aukuwoyinsa ba a yi asara ba. Amma tun daga farko mai karatu ya san abin da aka fita nema da dalilin nemansa, ga raha a kowane zango, ga kuma Malam Zurƙe da ke sake ɓullowa yana ɗaure zangunan. Littafin yawo da ban dariya yana iya rayuwa a haka. Naki littafin nauyin zuciya ne, irinsa kuwa ba ya tsayuwa sai kowane mataki ya danne na bayansa.

Ga aikin da nake so ki yi kafin ki ƙara rubuta ko jimla ɗaya. Ki yanka takardu 18 daidai tafin hannu, kowane babi da tasa. A kan kowace ki rubuta jimla guda tak da ke faɗin wanda yake son wani abu a babin, abin da ya aikata, da abin da ya biyo baya. Babin da kika kasa yi wa wannan jimla ya riga ya tona kansa. Ki shimfiɗa su a ƙasa a jere, ki karanta da ƙarfi, tsakanin kowace takarda da mai bi mata kina gwada sa "saboda haka" ko "amma". Duk inda suka ƙi zama, "sai" kaɗai ta yarda ta shiga, ki yi alama da jan biro. A wannan mataki kada ki taɓa gyaran jimloli ko zaɓen kalmomi, domin wahalar banza ce a yi wa ɗakin da za a rushe fenti.

Saura batun ƙarshe, gobara ko yafiya. Dukkansu biyun abu ɗaya suke yi, suna ƙwace hukunci daga hannun yarinyar a daidai lokacin da mai karatu ya biyo ta shafi ɗari biyu don ya ga abin da za ta yanke. A dandalin wasan Girkawa na dā akwai wata na'ura da ake sauko da mai wasan abin bautarsu da ita daga sama idan rikici ya cakuɗe, ya zo ya raba gardama, kuma tun a wancan zamani Aristotal ya ce warwarewa daga cikin zubin kansa ya kamata ta fito, ba daga na'ura ba. Gobararki ita ce wannan na'ura. Yafiya tana iya zuwa, ban hana ba, amma sai bayan yarinyar ta miƙa takardar da hannunta tana da yaƙinin cewa ta rasa gidan, ta kuma riga ta biya wani abu da yafiyar ba za ta dawo mata da shi ba, ko yardar uwarta, ko sunan mahaifinta, ko saurayin. Kuma sai an shuka halin mai yafiyar tun da wuri. An san marubucin Rasha Anton Chekhov da shawarar cewa bindigar da aka rataye a bango a farkon wasa dole ta tashi kafin a gama. Shawarar tana aiki ta baya ma: duk abin da zai tashi a ƙarshe, sai an ga inda aka rataye shi. Yawancin irin wannan shuka ba a rubutun farko ake yin ta ba, sai marubuci ya san ƙarshensa sannan yake komawa baya ya binne iri a babi na 3 da na 9.

Ba zan zaɓar miki ƙarshen ba. Tana iya mayar da amanar ta ɗauki abin da ya biyo baya, tana iya ƙona takardar ta ci gaba da zama a gidan da ya daina zama mata gida, tana kuma iya mayarwa bayan lokaci ya ƙure, wanda ya fi buƙatar gidan ya riga ya rasu. Kowanne cikin ukun amsa ce ta gaskiya ga tambayar da littafin ya yi. Ina zargin kin riga kin san wanda ya dace, kuma tsoron rubuta shi ne ya sa kika fara tunanin gobara. Ki zauna a cikin makon nan ki rubuta wannan babi na ƙarshe ko da a gurguje ne, ki yi masa tasa takardar ki ajiye a ƙarshen layi, sannan ki riƙa ja da baya kina tambayar abin da dole ya faru kafin wannan ya yiwu, har ki iso daren da aka buɗe akwatin. Idan kin gama sabon zubin kin sake rubuta babi bakwai na farko, ki mayar wa ƙawar nan taki, kada ki tambaye ta ko ya yi daɗi, ki ce kawai ta ninke kusurwar shafin da ta fara jin za ta iya ajiye littafin ta tashi.